Tsaka Biyu a Akwati Ɗaya: Amsoshin Tambayoyin Masu Kiwo

Tambaya: Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, kuma shekara biyu ke nan ina kiwon tsaka mai zanen damisa, mace. Kwanan nan na ga tsaka mai kaurin wutsiya a shagon dabbobi, aka ce mini asalinta daga Afirka ta Yamma ne, sai raina ya biya. Girmansu kusan ɗaya, abincinsu ɗaya. Ko zan iya haɗa su a akwatin gilashin da nake da shi, tunda yana da faɗi?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ka haɗa su. Kamannin da ka gani ganin kitse ne ake yi wa rogo, domin kowacce da irin ƙasar da jikinta ya saba da ita. Mai zanen damisa ta fito ne daga busassun duwatsun Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, kuma danshin iskar da ya dace da ita bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba. Mai kaurin wutsiya kuwa 'yar yankinmu ce, ana samunta daga Sanigal har zuwa Kamaru, tana wuni a cikin ramuka masu laima, saboda haka tana bukatar kashi 50 zuwa 70. Idan ka busar da akwatin domin ta farko, ta biyu za ta kasa yin saɓa yadda ya kamata, tsohuwar fata ta maƙale a yatsunta ta shaƙe su har su gutsure. Idan kuma ka jiƙa shi domin ta biyu, ta farko ce za ta kamu da ciwon numfashi.

Na san abin da ke sa mu ɗauka cewa tsaka na son zaman tare. Duk wanda ya tashi a gida ya saba ganin huɗu ko biyar a bango ɗaya da daddare, sun kewaye fitila suna cafke ƙwari. Abinci ne ya tara su, kuma wadda aka kora tana da bango da rufi da bayan kabad da za ta gudu ta ɓuya. A cikin gilashi babu wurin gudu. Mai ƙarfi za ta mallake ɓangaren ɗumi, ta riga cinye gyare, ita kuwa mai rauni ta yi ta ramewa a ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne cuta. Akwai ƙwayar cutar hanji da ake kira kirifto, wadda ke yaɗuwa ta kashi, tana tsotse dabbar har wutsiyarta ta koma kamar tsinke, kuma ba ta da maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya. Idan ka ƙudura saye, ka fara sayen akwati na biyu da na'urar ɗumama shi, ka killace baƙuwar kwana 90, ka kai kashinta wurin likitan dabbobi a duba, kada kuma su yi tarayya ko da a kwanon ruwa ne. Ka tambayi mai shagon ko a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe ta, domin waɗanda aka kamo daga daji sukan zo da tsutsar ciki.

Tambaya: Na sayi masu zanen damisa guda biyu, namiji da mace, mai sayarwa ya ce tare suka tashi. Yanzu macen tana da rauni a wuya, wutsiyarta ta sirance, ta kuma yi ƙwai biyu. Me zan yi?

Amsa: Malama, ki raba su yau ɗin nan. Cizon wuya ɗabi'ar namiji ce a lokacin barbara, amma idan yana tare da ita dare da rana ba zai bar ta ta huta ba, kuma wutsiyar da kika ga ta sirance ita ce rumbun kitsenta. Masu kiwo na ƙwarai sukan haɗa su na ɗan lokaci suna kallo, sannan kowa ya koma akwatinsa. Ba sa kuma haɗa macen da ba ta shekara ba, ko wadda nauyinta bai kai giram 45 zuwa 50 ba, shi ya sa ƙaramin sikeli ya fi duk wani kayan ado da za ki saya amfani.

Ki sani cewa rabuwar ba za ta tsayar da ƙwan ba, domin mace na adana maniyyi a jikinta, tana iya ci gaba da yin ƙwai bibbiyu duk bayan mako biyu zuwa uku har ƙarshen kakar yin ƙwai. Kowane ɓawo daga kalsiyam ɗin jikinta yake fita, don haka ki riƙa barbaɗa garin kalsiyam mai bitamin D3 a kan ƙwarin da kike ba ta, ki ajiye mata ɗan akwati mai jiƙaƙƙen gansakuka inda za ta tona ta binne ƙwan. Idan kika ga tana ta tono kwana da kwanaki ba ta yi ba, ga kasala, ƙwai ne ya maƙale, sai likita.

Game da ƙyanƙyasa, zafi ne ke tantance jinsi: wajen digiri 27 a ma'aunin Salshiyas galibi mata ake samu, wajen 32 kuma maza, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki zuwa wata biyu ko fiye. Kafin ki sayi na'urar ƙyanƙyasa, ki yi lissafi. Zubi takwas na ƙwai bibbiyu 'ya'ya 16 ke nan, kowanne na iya rayuwa shekara 15 zuwa 20, kuma maza biyu ba sa zama wuri ɗaya ba tare da sun yi wa juna rauni ba. Idan ba ki da waɗanda za su karɓe su, ki sanya ƙwan a firiza tun ranar da aka yi su, sannan ki zubar, ki mai da hankali kan macen har wutsiyarta ta sake cika.