Me ya sa har yanzu ba a shawo kan ruɓewar haƙoran yara ba?

Tambaya: Likita, haƙoran gaba na ɗana mai shekara uku sun ruɓe, alhali 'yar maƙwabciyata ta fi shi shan alewa amma nata lafiya lau. Masu bincike ba su gano bakin zaren ba ne? Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. An san sanadin: ƙwayoyin cuta na baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya zaizaye ɓawon haƙori. Wahalar tana wajen auna rigakafin da ya fi aiki ga ƙananan yara.

Haƙori ba ya ruɓewa a kwana ɗaya, sai masu bincike sun bi yaro shekara biyu ko uku. Kafin nan wasu iyayen sun tashi daga unguwa, wani yaron an kai shi wurin kakarsa, wani ya fara famfara, haƙorin da ake lura da shi ya faɗi.

Lissafin sukari ya fi ba da wuya. Uwa za ta ambaci kunu da shayin safe, amma ba ta ga tuwon madarar da yayarsa ta ba shi a zaure ba. Ga shi sau nawa aka sha yana da tasiri ƙwarai: mai tsotsar zaƙi kaɗan-kaɗan wuni guda, ko mai kwana da fida a baki, yana iya fin mai shanyewa lokaci ɗaya cutuwa, domin miyau, mai wanke baki, yana raguwa cikin barci. Ba ya halatta kuma a ɗura wa yara zaƙi don gwaji. An yi haka ga majinyata a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin tun a shekarun 1940, har yau ana Allah wadai. Sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori ma ya bambanta tsakanin rijiya, burtsatse da ruwan leda.

Abin da ya tabbata, ki riƙe shi: man goge baki mai fuloraid 1000 ppm (ma'aunin yawan fuloraid a cikin man), sau biyu kullum, ɗaya kafin barci. Ƙasa da shekara uku a sa gwargwadon ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake. Ke za ki goge masa, ya tofar, kada ya kurkure. Ki ɗaga leɓensa na sama cikin haske. Farin tabo kamar alli kusa da dasashi shi ne farkon ruɓewa, kuma a nan ana iya tsayar da ita. Wanda ya riga ya yi kogo, ki kai shi wurin likitan haƙori, kada ki jira famfara.