Ƙanena, ka ajiye maganar pho tukuna

Ƙanena na ga saƙonka. Ka ce kana so ka fara koyon girkin 'yan Biyetnam a gida in an tashi daga aiki, ka ga bidiyon pho, romon naman nan nasu da taliyar shinkafa, a YouTube ya shiga ranka, kana tambaya me da me za ka saya kuma ko za ka iya haɗa shi ranar hutunka. Na ji daɗin tambayar wallahi, don yaron kicin da yake leƙa tukunyar wasu ƙasashe shi ne hannunsa yake buɗewa. Amma amsata ita ce kar ka fara da pho. Ba wai ya fi ƙarfinka ba ne, a'a, harshenka ne bai san inda za shi ba tukuna, kuma in ka zuba kuɗinka a ƙashi da nama ka tsaya awa 6 a kan wuta ba za ka gane ko romon ya yi ko bai yi ba, tunda ba ka san ɗanɗanon da kake nema ba.

Abu na farko da za ka saya kwalba ɗaya ce, ruwan kifin nan da suke kira nuoc mam. Shi ne gishirinsu shi ne magginsu. Ƙananan kifayen teku ne, anchobi, ake jerawa da gishiri a manyan ganguna na katako, wajen kashi 3 na kifi kashi 1 na gishiri, a rufe a bar shi ya yi kusan shekara yana tsumuwa, sannan a tace ruwan. Tsibirin Phu Quoc da garin Phan Thiet su suka yi suna a kansa, na Phu Quoc ɗin har Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a 2012 don kar wani ya haɗa nasa a wani wuri ya laƙaba masa sunan. In ka buɗe kwalbar warin zai buge ka, kar ka ce ya lalace, kamar daddawa ne, a hannu wari a tukunya daɗi. Ka duba bayan kwalbar, in ka ga kifi da gishiri kawai to ka dace, in an ɗan ƙara suga ma ba laifi. Wasu kwalaben na Biyetnam za ka ga an rubuta 30N ko 40N, wannan awon ƙarfin kifin da ke ciki ne, mai lamba babba ya fi kauri da daɗi ya kuma fi tsada, shi ake ajiyewa don dangwale, ƙaramin a yi girki da shi. A manyan sufamaket ko shagunan da ke sayar da kayan abincin 'yan Sin za ka neme shi, kuma sau da yawa na Tailan za ka samu, ka saya, yana aiki, sai dai ka riƙa ɗanɗanawa don wani ya fi wani gishiri. Abin da ban yarda ba shi ne ka ce za ka sa soya sos ko maggi a madadinsa. Abinci zai fito, zai ciyu ma, amma ba na Biyetnam ba ne.

Da kwalbar ta zo hannunka, darasinka na farko ko wuta ba ya so. Miyar dangwalensu ce, nuoc cham, wadda kusan kullum tana kan tebur a ɗan kwano. Ka zuba ruwa mai ɗumi cokali 6 na cin abinci, suga cokali 2, ka juya har ka daina jin ƙasa-ƙasar sugan a gindin kwano. Sai lemun tsami cokali 2, kuma ka matse shi a hankali don in ka murƙushe ɓawon ɗaci zai bi ruwan. Sai ruwan kifin cokali 2. Tafarnuwa ƙwaya 2 ka yanka ta mitsi-mitsi da wuƙa, kar ka daka ta ta zama kunu, da ɗanyen barkono ƙarami yankakke, in attaruhu ne da kai ɗan kaɗan don ƙamshinsa yana danne komai. Yanzu ka ɗanɗana. Ka tsaya ka ji me ya fara zuwa bakinka. In gishiri ya cije ka, ƙara ruwa da ɗan suga. In zaƙi ya yi nauyi har kana jin kasala a harshe, lemun tsami. In ka ji shi salam kamar ba komai, ɗigo ruwan kifi. Inda kake nema shi ne wajen da tsami da zaƙi da gishiri da yaji za su zo tare ba wanda ya hau kan wani, kuma awon da na ba ka mafari ne kawai tunda lemun yau ba shi ne na gobe ba. Ka riƙa haɗa ta kana ci da soyayyen ƙwai, da kifi, da kokwamba, da shinkafa, har ya zama ba ka buƙatar cokalin awo. Duk sauran girkin nasu a kan wannan daidaiton yake tafiya, shi ya sa na tsaya a nan na daɗe.

Su fa a gida ba pho suke ci kullum ba. Pho yawanci a waje ake shan sa, wajen masu sayarwa da suka kwana suna dafa romo, galibi ma da safe. Abincin gida shi ne farar shinkafa a tsakiya, da wani abu mai gishiri-gishiri na nama ko kifi, da ganye, da romo marar kauri, kowa ya ɗiba daga kwanukan tsakiya ya ɗora a kan shinkafarsa. Wannan za ka koya.

Shinkafar ba turarriya ba ce irin wadda muke jalof da ita, fara ce mai ƙamshi wadda take ɗan manne wa juna, irin jasmin. Ba gishiri ba mai. Ka wanke sau 2 ko 3, kofi 1 na shinkafa ruwa kofi 1 da kwata, ta tafasa ka rage wuta ƙasa sosai ka rufe minti 15, ka kashe ka bar ta a rufe minti 10, kar ka buɗe kana leƙe.

Girkin wuta na farko da nake so ka yi shi ne ga kho gung, kaza da citta a ƙonannen suga. Duk kayan suna kasuwarmu. Cinyoyin kaza kilo 1 da ƙashinsu, a sassara ƙanana, ka cuɗe su da ruwan kifi cokali 3, jajayen albasa ƙanana yankakku, tafarnuwa da masoro, ka bar su minti 30. Ɗanyar citta mai yawa fa, kamar tsawon yatsu biyu, ka fere ka yanka siri-siri a tsaye. Sai ka ɗora tukunya a matsakaiciyar wuta da mai cokali 1 da suga cokali 2. A nan ne duk aikin yake, kar ka matsa ko nan da can, kar ka ɗauki waya. Sugan zai fara narkewa daga gefe, ya yi fari kamar ruwa, ya koma rawaya, ka ɗan karkaɗa tukunyar kar ka dame shi da cokali, sai ya koma ja mai duhu, ƙananan kumfa su taso, wani siririn hayaƙi ya fara fita. Wannan lokacin ne, daƙiƙu kaɗan ne tsakaninsa da baƙi, in ya yi baƙi ɗaci ne zalla sai dai ka zubar ka wanke tukunya ka sake, suga cokali 2 ne ba asara ba ce babba. Da ka ga jan nan ka watsa cittar, ka juye kazar, ka ja fuskarka baya don yana fantsama kuma ƙunar suga ta fi ta mai muni. Ka juya har kowane yanka ya ɗauki kala, ka zuba ruwa ya kai rabin naman, in da ruwan kwakwa ɗanye ya fi, mutanen kudancinsu shi suke sawa. Ka rage wuta ka rufe rabi, minti 25 zuwa 30 in kazar gidan gona ce, ta gida kuwa sai ka ƙara ruwa ka ƙara haƙuri. Ƙarshe ka buɗe ka bar ruwan ya ja har ya riƙa kama jikin cokali yana sheƙi, ka barbaɗa masoro da lawashi. Zai yi gishiri in ka ci shi zalla, da gangan ne, don da farar shinkafa ake cin sa. In ka iya wannan ka iya kho gaba ɗaya, wato irin wannan dafa nama ko kifi a ƙonannen suga da ruwan kifi, gobe ka sa tarwaɗa a tukunyar ƙasa a madadin kaza ka sami ca kho to, wanda suke ji da shi a kudu.

Bayan shi sai canh chua, romon tsami na mutanen yankin bakin kogin Mekong. Kai da ka ji kayan za ka ce daga kasuwar garinmu aka tsinto su, tsamiya, kuɓewa, tumatur, abarba, da tarwaɗa. Ka jiƙa tsamiya ka tace a ruwa lita 1, ka gyara shi da ruwan kifi da suga yadda harshenka ya koya a miyar dangwale. Tarwaɗar ka murje ta da gishiri da lemun tsami santsin ya fita, ka sa ta ta yi kamar minti 8, sai abarba da tumatur, kuɓewar kuma a yanka manya a karkace a sa ta can ƙarshe minti 2, don ba yauƙi ake nema ba, so ake ta yi garas. Soyayyiyar tafarnuwa a sama. Romon ya kasance garai kana hango kifin a ciki. Na san hannunka ya saba da kori da tayim da markaɗen tattasai, a wannan girkin ka ɓoye su gaba ɗaya.

Ɗanyen ganye kuwa ba kwalliya ba ne a wajensu, rabin abincin ne. Na'a-na'a, latas, kokwamba, lawashi, ganyen kuzbara in ka samu, faranti guda a gefe. Daddoyarmu ta fi irin tasu ƙarfi nesa ba kusa ba, ganye 2 ko 3 sun isa. Kuma tunda ɗanye za a ci, ka wanke shi da ruwa mai tsafta sosai, wannan ba sai na faɗa maka ba.

Akwai maganar da dole in ja kunnenka a kai. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, ka riƙa lura da resifin da kake bi. Wanda ake gani da ido mai sauƙi ne, ka sa kaza ko naman sa. Wanda yake ɓuya shi ne matsala, garin ɗanɗanon nan nasu hat nem da yawansa da ƙashin alade ake yi, haka niƙaƙƙiyar hantar da ake shafawa a burodin banh mi, da tsiran alade cha lua. Kar ka sayi abin da ba ka iya karanta kayan cikinsa ba, in resifi ya ce a sa giyar shinkafa ka tsallake. Kuma kar ka ɗauka girkin zai rage daraja, akwai Musulmi a ƙasar, mutanen Cham, irin na lardin An Giang da na cikin birnin Ho Chi Minh, suna girkinsu na halal.

To pho ɗin naka, zai zo. A arewacin ƙasar ya samo asali a farkon ƙarni na 20, wajen Nam Dinh da Hanoi, kuma can har yau suna son sa fili, romo da taliyar shinkafa da nama da lawashi. Da aka raba ƙasar biyu a 1954 mutanen arewa masu ɗimbin yawa suka koma kudu da shi, can aka ƙara masa zaƙi da tulin ganye da sos kala-kala, bayan 1975 kuma 'yan gudun hijira suka kai shi Amurka da Faransa da Ostareliya, shi ya sa wanda ka fi gani a bidiyo irin na kudu ne. In ka tashi ka fara da na kaza, awa 1 da rabi ya isa. Ka gasa albasa da citta da ɓawonsu a kan garwashi har su yi baƙi-baƙi ka kankare, a nan ma mun fi mai gas sa'a don gawayi ya fi ba da ƙamshin. Ka ɗan soya kirfa da kanumfari da sta anis mai siffar tauraro a busasshen kasko, kaɗan-kaɗan, kanumfari 3 ya isa tukunya. Ranar da ka koma na naman sa, ƙashi mai ɓargo da jela, ka fara tafasa su minti 5 ka zubar da ruwan ka wanke ƙashin, sannan ka ɗora sabon ruwa, kuma kar ka bari ya yi ɓararraka, motsi kaɗan kawai yana yi kana kwashe kumfa, in ya tafasa da ƙarfi romon zai gurɓace ba ya dawowa. Taliyar a tukunya daban ake dafa ta, a kwano suke haɗuwa da romo. Su suna jera ɗanyen nama yankan siriri su kwara masa tafasasshen romo a kai, amma naman da ya yini a teburin mahauta cikin zafin nan namu, ni dai na ce ka tsoma shi a tukunya ya dahu tukuna.

Wannan satin dai ka nemo kwalbar da lemun tsami ka zauna da miyar dangwale. Ranar hutunka ka yi kazar, ka zubo min kaɗan a kula, miyar kuma a 'yar kwalba daban, ka kawo kicin kafin kwastomomi su fara shigowa mu ɗanɗana tare in nuna maka inda za ka gyara.