Tsohon yayi da aljihu: abin da na gani a bakin keken ɗinki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ɗiyata mai tambaya, na ga saƙonki tun daren jiya, amma akwai ɗinkin biki a hannuna, sai yanzu bayan azahar na samu sukuni. Kin ce kin lura ɗinkunan iyaye da kakanni sun dawo, buba mai faɗin hannu, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, kuma kin karanta cewa in tattalin arziki ya taɓarɓare mutane kan koma wa tsohon yayi, har wai a Turai da tsawon siket ake auna arzikin ƙasa. Kina son ki san ko gaskiya ne. Na ga wani ya amsa miki da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Maganar tana da zaƙi a baki, sai dai ba ta ƙoshar ba. Ni tela ne. A 1983 aka kai ni koyo wata rumfa kusa da babbar kasuwar Maraɗi, ina ɗan yaro mai ɗaura maɓalli da hura gawayin dutsen guga, kuma har yau da allura nake ci.

Abin da zan fara gaya miki shi ne, babu ba ta zaɓa wa mutum salon ɗinki. Ki ɗauki awo ki gani. Turmin atamfa yadi 6 ne. In na yi wa mace matsattsiyar riga da siket irin na shekarun baya kaɗan, ina iya fitar da ɗankwali har a samu ragowar da za a yi wa ƴar goye riga. In kuwa buba ce mai faɗin hannu da zane da babban ɗauri, turmin tas yake ƙarewa, wani lokacin ma sai na yi dabara. Haka wandon samari: tsukakken nan da suka yi ta sawa kamar an zuba su ciki bai ci yadin da mai faɗin ƙafa yake ci ba. To in da yunwa ce ta dawo da yayin, ai da wanda ba ya cin yadi za ta dawo da shi.

Abin da ke dawo da salo ido ne, idon da bai taɓa ganinsa ba. Yaro yana jin kunyar kayan ubansa, amma na kakansa burge shi suke yi. Lokacin da na shiga rumfa, wandon nan da muke ce wa ƙafar giwa yana kan mutuwa, rabin aikin da maigidana yake ba ni farke ƙafafunsa ne a tsuke su, saboda masu shi sun fara jin ana yi musu dariya a majalisa. Yau jikokin waɗannan mutanen su ne ke shigo mini da waya a hannu, suna nuna mini hoton da suka ciro daga TikTok, suna cewa "Baba, ka iya wannan kuwa?" Sai in yi murmushi kawai. Abin da na yi shekara biyu ina kashewa, shi ake tambayata ko na iya. Shekara ashirin zuwa talatin, haka nake ganin abin yana kewayawa, ko ana cikin wadata ko ana cikin tsanani.

To ina aljihu ya shigo? Ta wajen adaka ya shigo, kuma nan ne maganarki take da gaskiya.

Mu Maraɗi arzikinmu a bakin iyaka yake kwana. In aka yi tari a Jibiya, mu ne ke mura. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom ya shigo ƙasa, kuɗin fetur kuma ya cika Najeriya, alhazan garin nan suna fiton kaya dare da rana. Ya ce a lokacin mutum kan ɗinka babbar riga ya sa ta sallah ɗaya ya kyautar. Ni ban riski wannan ba. Abin da na riska shi ne 1984: fari ya zo, Buhari kuma ya rufe iyaka a watan Afrilu, yunwar da har yau tsofaffi ke kira El Buhari. Sai 12 ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa da yake dala goma, wato sefa hamsin, ya koma dala ashirin, wato sefa ɗari, a dare ɗaya, saura wata guda a kama azumi. Duk abin da ke zuwa daga Turai, atamfar Holan da shaddar Getzner, kuɗinsa ya tashi sama kamar an harba. Sai rufe iyakar Agustan 2019 da ta kai har Disambar 2020. Sai ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO ko ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe hanyar Ɗan Isa, Najeriya ta yanke mana wuta, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. Hanyar Kwatano kuwa ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowane zagaye kuma a kan mai saye yake ƙarewa.

Sau huɗu ke nan, kuma duk sau huɗun aiki iri ɗaya ne ya cika mini tebur. Ba sabon yadi a leda ba, a'a, ƙunshi a tsohon ɗankwali. A juya wuyan kaftani. A rage babbar rigar marigayi a fitar wa ɗansa riga da wando. A kai koɗaɗɗiyar shadda wajen marina a sake mata launi, a miƙa wa masu bugu su yi ta dukanta a kan gungume har ta ɗauki sheƙi kamar yau aka yanko ta. Mata kuwa sai su buɗe adakar uwa. To me ke cikin adakar uwa? Zannuwan lefenta ne, na shekara talatin ko arba'in. Kuma irin wannan zanen, da manyan furanninsa da nauyinsa, ba ya karɓar ɗinkin zamani. In ka yayyanka shi ƙanana ka kashe zanen. Shi da kansa yake neman buba. Kin ga yadda abin yake haɗuwa: ido ya riga ya fara marmarin na da, aljihu kuma ya tura hannu cikin akwatin da na da ɗin yake ajiye. Mace guda ta fito biki da shi ta yi kyau, aka ɗauke ta hoto, shi ke nan wadda take da kuɗin sayen sabo ma sai ta ce irinsa take so.

Bari in ba ki misali ɗaya da ba na mantawa. Ana cikin takunkumin nan, babu wuta, na jawo tsohuwar Butterfly ta ƙafa daga lungu na zuba mata mai, ita ma tsohon yayi da ya dawo don dole. Sai ga wata yarinya daga unguwar Zariya, ɗalibar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da ƙunshi da wani hoto fari da baƙi wanda gefensa ya cinye. Kakarta ce a ciki, tana zaune a kujerar mai hoto, hannu bisa gwiwa, ɗauri ya karkato gaban goshi. Ta kwance ƙunshin, warin kafur da turaren wuta ya cika rumfar. Atamfar da ke jikin kakar ce, sauran turmin da ba a taɓa yankawa ba. Na murza bakinta tsakanin yatsu, na duba ciki da waje launi ɗaya, na ga tambarin Holan a gefe. Amma da na ɗaga ta a rana sai ga layin ninki ya koɗe fari-fari, gida-gida, inda ta shekara da shekaru a naɗe. Na yi kwana biyu ina juya ta kafin in sa almakashi, sai da na tsara yadda kowane koɗaɗɗen layi zai faɗa cikin ɗinki ko ƙarƙashin hammata. Da ta zo karɓa ta gaya mini gaskiya: kuɗin ankon ƙawarta ne ba ta da shi, ta ji kunyar zuwa da tsohon kaya, shi ne uwarta ta buɗe mata akwati. Bayan bikin, mata biyar suka zo da hotonta a waya. Uku daga cikinsu da sabuwar atamfa suka zo, mai tsada.

Sai dai ki rarrabe, tsohon yayi iri biyu ne, kada a ruɗe ki. Akwai na mai babu, wanda na faɗa. Akwai kuma na mai akwai, shi kuwa ya fi sabon yayi tsada nesa ba kusa ba. Saƙi na gaske, wanda masaƙi ya zauna ya saƙa ƙwarya-ƙwarya aka haɗa, yau nemansa ake yi, don masaƙan sun tsufa kuma ƴaƴansu sun tafi kabu-kabu. Babbar riga aska takwas ta aikin hannu wata da watanni take ɗauka a cinyar mai ɗinki. Rawanin ɗan Kura mai shuni, ki tambayi kuɗinsa ki sha mamaki. Amaryar da kika gani ranar kamu cikin saƙi da murjani da ƙwarya a hannu, ba talauci ya sa ta ba; nuna asali ne, kuma nuna asali da kuɗi ake yinsa. A lokacin tsanani ma na lura masu hali sun fi son irin wannan, saboda leshi mai duwatsu yana tsone ido, saƙi kuwa sai a ce mutum ya riƙe al'ada, alhali kuɗin da ya zuba ya fi na leshin. Akwai kuma iskar kishin ƙasa da ke kaɗawa yanzu a yankin nan. Dubi yadda Burkina ta sake ɗaga Faso Dan Fani, tufar da tsohon shugabansu Sankara ya yi fafutukar ɗaukakawa tun shekarun 1980.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne inda kuɗin yake tafiya. Da an ce yayin da ya dawo, sai ki zaci masaƙa da marina za su farfaɗo. Ina! Kafin masaƙinmu ya ɗaura zare, an riga an ɗauki hoton saƙinsa an kai Sin, an buga shi a kan yadin roba, an cika Kantin Kwari da shi, daga can ya sauko mana. Daga nesa saƙi ne, ki taɓa ki ji santsi kamar leda, ki sa shi a zafin watan Afrilu ki gane kurenki. Tsofaffin zanen atamfa ma haka, Hitarget da ire-irenta sun kwafe su tsaf. Ban ga laifin mai saye ba, daidai ruwa daidai tsaki. Amma ina tuna lokacin da atamfar SONITEXTIL ta Yamai da ta masaƙun Kaduna suke cike da rumfunan garin nan. UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, ƴan'uwanta da yawa sun riga ta. Salon ya dawo ya tarar babu masu yin kayansa.

Su kuwa samari masu manyan wandunan jins da faffaɗan riguna irin na farkon shekarun 2000, yawancinsu wajen ƴan bosho, wato gwanjo, suke samu. Abin da Turawa suka gaji da shi ne ake ɗaurewa a dila a turo mana, dama can tsoho ne. Bambancin kawai, da yaro ɓoyewa yake yi kada a san bosho ya sa, yanzu tun da asuba yake zuwa a buɗe dila a gabansa ya zaɓi na farko, ya kuma yi alfahari da shi. Wannan kam ina ganin hannun aljihu a ciki ƙarara: abin da ya zama dole, sai aka yi masa suna mai daɗi.

Maganar siket da kika kawo, na sa ɗana ya bincika mini. Ya ce ana jingina ta ga wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Taylor, tun shekarun 1920: wai in kasuwa ta yi kyau siket ya gajarce, in ta faɗi ya yi tsawo. Na ce masa to mu nan da zane yake a idon sawu ko ana ruwan kuɗi ko ana fari, da me za a auna mu? In kina son ma'aunin Maraɗi, ki zo rumfar tela goman ƙarshe na azumi ki ƙirga: kaya nawa maigida ya kawo wa kowane yaro, biyu ko ɗaya, shaddar mita nawa ce, kuma cikin ƙunshi goma, nawa ne sabo, nawa ne gyara.

In kuma tambayar taki tana da wata a ƙarƙashinta, wato kina shirin buɗe adakar hajiyarki, to ki fara neman izininta, don akwai zanen da ba na yankawa ba ne, na tarihi ne. In ta ba ki, ki shanya shi a inuwa kwana biyu, ki kama gefe ki ɗan ja da hannu biyu. In kika ji ya yi ƙara kamar takarda, ya ƙone a ajiye, ki mayar da shi. Saƙi kuwa kada ki bari a sa masa almakashi sai an bi layin da ɗinki tukuna. Ni na taɓa yin wannan gangancin ina saurayi, na yanka zanen wata tsohuwa kai tsaye, zaren ya bi hannuna yana warwarewa ina kallo. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tattara shi ta naɗe a ɗankwalinta, ta ce na uwarta ne, ta fita.