Za Mu Ga Dinoso a La Brea?

TAMBAYA: Malam, zan kai yarana Los Anjeles ta Amurka. An ce a tsakiyar birnin ana tono ƙasusuwan dabbobin dā. Za mu ga dinoso? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, ki kai su, amma tun daga gida ki gaya musu babu dinoso ko ɗaya. Waɗannan manyan dabbobin dā masu kama da ƙadangare sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ƙasusuwan La Brea kuwa, wato wurin da ake tonon, yawanci ba su haura shekara 50,000 ba.

Kwalta ce ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Har yau za ki ji warinta, ki ga tana kumfa a tafkin bakin titin Wilshire. Dabba ta maƙale, maciya nama su rugo cin banza, su ma su maƙale. Shi ya sa ƙasusuwan maciya nama suka fi yawa.

A gidan tarihin da ke wurin, wanda aka buɗe a 1977, abin da ya fi tsaya mini a rai bangon nan ne mai ƙoƙunan kan kyarkeci sama da 400. Ku daɗe a wajen gilashin da ma'aikata ke goge ƙashi a hankali. Ki sa wa yara tsofaffin takalma, kwaltar na fitowa har cikin ciyawa.