Tambaya da Amsa: Cika zane da kala, wasan yara ne ko sanyin rai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Maigidana ɗan kasuwa ne, ciniki ya ja baya, tunani ya hana ni barci. Ƙanwata ta kawo mini littafin zane da fensiran kala, ta ce in riƙa cikawa, wai yana kwantar da hankali. Malam, wannan ba aikin ƴan lakwal ba ne? Kuma ba zai zama na saki dogaro ga Allah na kama takarda ba?
Wata uwa, Birni

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yaye miki, ya buɗa wa maigida kasuwa.

Ƙanwarki ba ta yi kuskure ba. Damuwa ta fi samun mutum lokacin da hannu ya zauna, zuciya ta shiga saƙa da warwara. Cika zane yana tsayar da ido da hannu wuri guda, kuma ba ya neman dogon lissafi. A 2005 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nancy Curry da Tim Kasser, sun gwada ɗalibai 84 na minti 20. Waɗanda aka ba shiryayyen zane mai maimaita kansa sun fi samun sauƙin fargaba a kan waɗanda aka miƙa wa farar takarda aka ce su yi abin da suka ga dama. Sauƙi ne na ɗan lokaci, amma ga wanda barci ya ƙaurace wa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Batun tawakkali kuwa, Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Fensir sababi ne kawai. Natsuwar kanta, aya ta 28 cikin Suratur Ra'adi ta faɗi inda take: ambaton Allah. Alherin wannan aiki shi ne hannu yana tafiya, harshe kuma a sake yake. Ki riƙa istigfari ko salati a hankali, ba tare da ɗora wa kanki ƙirga ba. Kada dai ya ci lokacin salla, kada ya maye gurbin wuridinki.

Ki duba littafin tukuna. Idan hotunan mutane da dabbobi ne, ki tsallake su, domin Ibn Abbas ya shawarci mai sana'ar zane da ya koma kan itatuwa da abin da ba shi da rai. Ba ma sai kin nemi na waje ba. Ga dagi da kewayayyun zane a bangon tsofaffin gidajen Birni, ga zayyanar allon sauka da mahaddata ke ƙawatawa da ja da rawaya da kore. Abu ɗaya za mu ja kunne a kai: kada ki yi aikin a kan ayoyi ko sunayen Allah, don takarda tana iya ƙarewa a hannun mai ƙosai.

In za ki shirya naki, ki ja murabba'i mai santimita 16 kowane gefe, ki raba shi gida-gida na santimita 2. Zai ba ki gidaje 64. Ki kifa kofin shayi a tsakiya da kusurwoyi huɗu, ki zagaya bakinsa, ki bi layukan da baƙin biro, sannan ki yi fotokofi biyar ko shida. Daga cikin fensira 12 ki ware uku ko huɗu tun kafin ki zauna. Yawan zaɓi yana dawo da irin tunanin da kike gudu. Ki fara da kala mai haske daga tsakiya, ki bi zuwa waje. Minti 20 bayan Isha'i ya isa, waya a nesa, fitila ta hagu idan da dama kike rubutu. Ba dole ki gama shafi a zama ɗaya ba, kuma in kin tsallake layi ki ci gaba abinki, ba gasa ba ce.

Amma idan rashin barci, ƙin abinci da yawan kuka sun wuce mako 2, ko kika ji rayuwa ta fita ranki, ki je wurin likita a asibitin unguwa ko babban asibitin ƙasa na Zinder. Wannan ma yana cikin riƙo da sababi.

TAMBAYA: Ni tela ne a Zango. Na fara cika zane bayan na rufe shago, amma bakin fensir yana ta karyewa, kalar kuma tana fitowa dabbare-dabbare.
Wani tela, Zango

AMSA: Malam, fensirin da ya taɓa faɗuwa a siminti, bakinsa ya tsattsage tun daga ciki, ko ka fiƙe shi sau goma zai karye. Ka ajiye su cikin gwangwani mai tsumma a ƙasa, ka fiƙe da reza mai kaifi, kada bakin ya wuce milimita 3.

Dabbare-dabbaren daga abu biyu yake. Ko dai kana aiki a kan tabarma ko teburin ɗinki mai kaushi, takardar tana kwaso shatarsa, ko kana dannawa da ƙarfi tun farko har fuskar takardar ta yi santsi ta daina karɓar kala. Ka shimfiɗa kwali mai laushi a ƙasa, ka riƙe fensirin daga tsakiya, ka yi shafe biyu ko uku marasa nauyi da ƙananan zagaye. Takardar fotokofi mai giram 80 ta ishi fensir, amma alƙalamin kala mai ruwa yana ratsa ta, sai mai giram 120 ko fiye. Shi kuma da hunturu yakan bushe da wuri in an bar shi a buɗe. Kalar kakin zuma ta yara kada ka bar ta a shagon kwano cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin za ka tarar ta yi laushi ta manne da juna.