Ɗinkin ƙananan kayan fel da hannu idan keke ya tsaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kekenki ya lalace, ga odar maƙalan makulli na fel da za a raba a wajen biki, kina tambaya ko za su yiwu da hannu ba tare da sun fito kamar aikin 'yan koyo ba. Za su yiwu sarai. Hasali ma duk abin da bai kai tafin hannu ba, hannu ya fi keke iya masa, domin keke ba ya son kwana mai tsanani, kuma haƙoransa kan ja fallen ƙasa fiye da na sama, sai ki ga baki ya goce.

Fel ba saƙa ba ne, gashi ne ko zaren roba aka cakuɗa aka danne, irin na jar dara. Shi ya sa bakinsa ba ya zarewa, ba ki da wahalar kalmasa. Amma da yake babu zaren saƙa da zai riƙe ɗinki, idan allura ta shiga dab da baki yagewa yake yi. Wanda ya fi yawa a kasuwa na roba ne, falle-falle, kimanin santimita 20 da 30, kaurin milimita 1. Kafin ki saya ki ɗaga shi ki duba a haske. In haske na ratsa wasu wurare fiye da wasu, ki ajiye shi. Ki ɗan ja gefensa kuma, in ya miƙe bai koma ba, ba zai jure zaman jaka da makullai ba. Maƙalin makulli ya fi son mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Na milimita 3 sai dai faifan ɗora kofi ko gindin jaka, a ƙaramin aiki wahalar da yatsa kawai zai yi.

Zaren ado mai sili shida za ki nema. Ba duka shidan ake sawa ba: sili biyu don haɗa falle, uku idan kina so ɗinkin baki ya fito ya zama ado. Ki riƙa zare silin ɗaya bayan ɗaya sannan ki haɗa su, in kika yage uku lokaci guda zai cukurkuɗe. Tsawon zare kada ya wuce kamu ɗaya, kusan santimita 45. Mai tsawo yana ƙullewa, kuma yawan ratsa fel yana cinye shi ya yi gashi-gashi. Allura mai tsini da doguwar kafa, lamba 7 ko 8 (lamba na hawa, allura na sirancewa). Mai kauri tana barin huda, fel kuwa ba ya rufe huda. In zaren keke kaɗai ke gare ki, ki ruɓanya shi biyu ki goga masa kakin zuma.

Wajen yanka ake fara ɓata aiki. Ki fitar da siffar a kwali, ki ɗora a bayan fel ɗin ki zana da allin tela ko guntun busasshen sabulu, fel mai launi mai haske kuma da fensir. Ban da biro, tawadarsa na zama a baki har abada. Ki yanka ta cikin layin, kina juya fel ɗin, almakashi na tsaye wuri ɗaya. Idan siffar ba ta da daidaiton dama da hagu, kamar tsuntsu ko kifi, ki kife kwalin kafin ki zana fallen baya, in ba haka ba zanen alli zai fito waje. Almakashin yadi mai kaifi kawai, dakusasshe tauna baki yake yi.

Duk wani ado na gaba, fure ne, harafi ne ko ido, ki gama shi kafin ki haɗa gaba da baya, don ƙulle-ƙullen su ɓuya a ciki. Ƙananan guntaye ki riƙe su da ɗigon gam a tsakiya. Kada gam ya kai inda allura za ta bi, musamman na kyandir, in ya bushe allura ba ta ratsa shi.

Haɗin baki shi ne ainihin aikin, kuma ɗinkin bakin bargo ya fi dacewa da shi. Ki ƙulla zare, ki soka allura daga tsakanin fallayen biyu ta fito gaba, milimita 3 daga baki, ƙullin ya ɓuya a ciki. Ki zagayo ta baya ki ratsa fallayen biyu ki fito ta wannan hudar, sannan ki sa allura ƙarƙashin zaren da ya hau baki. Daga nan ki matsa milimita 3 zuwa 4, ki soka daga baya zuwa gaba, kafin ki ja zaren ya ƙare ki ratsa allurar ta cikin madaukin da ya rage, sannan ki ja. Zare zai kwanta a kan bakin kamar igiya. Abu biyu ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo: nisan ɗinki daga baki da tazarar da ke tsakani su zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sai kuma ƙarfin ja. In kika ja da yawa baki zai tattare ya yi tudu da kwari, in kika sassauta cushe zai leƙo. Ki ja har zare ya kwanta, ki tsaya. Idan idonki bai saba ba, ki ɗiga alamomi da alli a kan rula, ko ki zana layi biyu a farcen babban yatsanki ki riƙa aunawa da su. A kusurwa, ɗinki uku za su shiga huda ɗaya: ɗaya kafin kusurwar, ɗaya a kanta, ɗaya bayanta. A kwana mai shiga ciki, kamar saman siffar zuciya, ki ɗan rage tazara.

In lokaci ya ƙure, ɗinkin naɗe baki ya fi sauri, wato ki riƙa sokawa daga baya zuwa gaba kina zagaye bakin, da zare launin fel ɗin. Bai kai wancan kyau ba, amma yana riƙewa.

Madaukin da zoben makulli zai shiga shi ne ke fara tsinkewa a hannun mai saye. Ki yanki ribon santimita 6, ki ɗan ƙona bakunansa da ashana idan na roba ne, ki zura zobe ki ninka, ki cusa santimita 1.5 tsakanin fallayen. Ki ɗinke shi da fallen baya tukuna, kai da komo sau uku ko huɗu, kafin ɗinkin baki ya bi ta kansa. Ɗinkin baki shi kaɗai ba ya riƙe shi.

Idan saura santimita 2 ko 3 ki rufe, ki dakata ba tare da kin yanke zare ba. Ki cusa fiba irin ta filo kaɗan-kaɗan da gindin fensir, kusurwoyi tukuna sannan tsakiya. Audugar rimi ma tana yi, sai dai abin da za a riƙa wankewa fiba ta fi masa. Kada ki cika har hudojin ɗinki su buɗe. In kin rufe, ki ƙulla a jikin ɗinkin ƙarshe, ki soka allura cikin abin ta fito can nesa, ki ja ki yanke, wutsiyar ta koma ciki. Abin da zai shiga hannun yaro ƙasa da shekara 3 kada ki sa masa maɓalli ko duwatsun ado, ki ɗinka idon da zare. Guga kuma sai da ƙyalle a sama da wuta kaɗan, fel na roba narkewa yake yi.

Da yake oda ce mai yawa, kada ki gama ɗaya ki koma ɗaya. Ki yanke duka, ki yi adon duka, sannan ki zauna haɗi, hannu ya fi daidaita tazara idan ya zarce a aiki iri ɗaya.

Shi kuma keken, kafin ki kira mai gyara ki kwance farantin da ke ƙarƙashin allura ki share burbushin da ya taru a haƙora da wajen ƙoshiya, domin fel yana zubar da shi sosai. Ki sa sabuwar allura, ki sake zura zaren sama ƙafar keken na ɗage. Zare mai cunkushewa a ƙasa sau da yawa daga nan yake. Amma in allura na dukan ƙarfe ko ba ta ɗauko zaren ƙasa ko kaɗan, saiti ne ya goce, kada ki tilasta shi, ki bar wa mai gyara.