Tambaya da Amsa: Ashe Sitenles Ma Yana Tsatsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mai walda ya yi mini makarin baranda na sitenles a gidana. Damina ɗaya kacal, tsatsa ta fito a mahaɗar walda, jikin bututun kuma ya yi ɗige-ɗige ja. Ina matsalar take?
Wani magidanci, Kubwa, Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke kare sitenles shi ne sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Idan ya haɗu da iska sai ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani. Duk inda fatar ta lalace, nan tsatsa ke kamawa.

Fara da lambar ƙarfen. Lamba 304 tana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, kuma ta wadatar a Abuja, tunda ba mu da iskar teku mai gishirin da ke cin ƙarfe. Lamba 201 an rage mata nikel an cike da manganis. Ta fi arha, ƙyallinsu ɗaya a ido, amma ba ta jure ruwan sama kamar 304. Ɗige-ɗigen da ka gani sun fi kama da nata. Kada ka dogara da gwajin maganaɗisu idan ka je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, domin duka biyun kusan ba sa kama shi. Duba lambar da aka buga a jikin bututu, kuma a rubuta maka ita a rasit.

Tsatsar mahaɗa kuwa, galibi daga hannun mai aiki take. Sandar waldar da ta dace da 304 ita ce 308L. Idan za a haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, 309L. Faifan guga ko burushin waya da ya taɓa baƙin ƙarfe yana dasa ɓurɓushinsa a jikin sitenles, shi ne ke fara yin ja. Shuɗin ƙunar da wuta ke bari ma dole a cire shi da man asid na wanke walda, a ɗauraye sosai. A sa safar roba da tabarau, man yana ƙona fata ƙwarai.

Don gyara, a goge wurin da sabon faifai na sitenles kaɗai, a wanke da sabulu, a tsane. Ban da soson ƙarfe, ban da ruwan bilic, domin kulorin ɗinsa huda ƙarfen yake yi. Idan bututun ya riga ya yi ramuka, sai dai a sauya shi.